Wasiƙa daga Mabera: Mun Yi Kare

Assalamu alaikum, Bagobiri.

Ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da yaran. Ya Ibadan, ya ruwan sama? Wata biyar ke nan rabona da muryarka, tun sunan nan da ka rantse za ka zo ka ɓace. Har na ce ko iyayen gidanka Yarbawa sun karɓe wayar ne. Akwai maganar filin Arkilla da nake son mu yi, amma bari in sauke wannan tukuna, don ya cika mini ciki: mun yi kare. Ni ɗin nan da ka sani, wanda ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a Runjin Sambo saboda karyar mai gadi. Yi dariyarka ka gama, ina jira.

Saura kwana goma babbar salla aka hauro mana cikin dare, aka kwashe batiran sola biyu, aka haɗa da ragon layya. Ba wanda ya ji ko motsi. Mage uku a gidan, duk a kan idonsu aka yi, babu wadda ta ce uffan. Da gari ya waye na ce sai kare. Ka san an ce ba a kiwon kare ranar farauta, to ni sai da aka gama farautar a kaina na tuna.

Inna ta tashi tsaye. "Wanga abu ba ya kwana gidan ga," in ji ta. Na tafi wurin Malam bayan isha'i, ya ce hadisi ya yi rangwame ga kare na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa gadin gida a kai idan akwai bukata. Ya tuna mini cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai kwanon da ya lasa a wanke sau bakwai. Har ya ba ni labarin mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka yi masa magana, ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Na kawo wa Inna duk wannan, ta saurara har ƙarshe, sannan ta fito da ainihin abin da ke damunta. Ashe ba fiƙihu ba ne, Gwaggo ce. Ka tuna Gwaggo, farar magen nan mai kwana a kan dardumarta? Shekararta tara yanzu, ta ƙara ƙiba da izza.

Da farko idona ya rufe, babba nake so, mai muryar da za a ji har Gwiwa. Wani yaro ya kai ni na ga alseshan, irin na 'yan sanda. Kuɗin da ya faɗa ya fi na ragon da aka sace, ga shi sai nama da shinkafa. Da na je asibitin dabbobi na Jami'ar Ɗanfodiyo neman shawara, likitan ya tambaye ni abu ɗaya: a watan Afrilu, zafi ya haura 40, babu wuta, ina zan ajiye mai wannan gashin? Na tuna yadda mu kanmu muke kwana a tsakar gida muna zuba wa katifa ruwa, na yi shiru.

Sai Buzun da ke gadi a layinmu ya ce zai sa a kawo mini irin nasu ta Konni, dogayen nan masu siririn ciki, na ƙasar Azawak. Wallahi akwai kyau, kamar an zana. Zuciyata ta so shi ƙwarai. Amma kare ne da aka gada don korar zomo da barewa, duk abin da ya ruga a gabansa sai ya bi, kuma wanda za a kawo ɗin ya riga ya girma a daji bai taɓa zama da mage ba. Na hango Gwaggo da wannan tumbin nata tana neman katanga. Na ba shi haƙuri.

Af, kafin in manta, surukin naka ya ƙara aure. Eh, ita ɗin dai da muka yi musu a kanta. Ka biya ni kilishina. Kuma mai shayinmu na bakin tasha ya sayi Keke Napep, yanzu ba ya amsa sallama sai an ce Alhaji.

Abin da likitan ya nanata shi ne in nemi kwikwiyo ɗan wata biyu, don wai abin da kare ya saba da shi kafin ya cika wata uku shi yake ɗauka a matsayin ɗan gida. Kuma in duba uwar kafin in duba ɗan. Haka aka yi. A wata gona wajen Wamakko na sami karya ta gida, ja, kwance a gindin dogon yaro, kaji na tsallake ta, muzuru na barci kusa da wutsiyarta. A cikin 'ya'yanta biyar na bar wanda ya fi zaƙewa, na bar wanda ya ɓuya, na ɗauki wanda ya zo ya shinshina hannuna ya zauna. Mai gonar ya ƙi karɓar komai, da ƙyar na tura masa kuɗin goro.

Sati guda cur yana kulle a ɗakin ajiya na zaure. Tsumma nake goga masa in ajiye inda magunan suke cin abinci, in ɗauko nasu in kai masa. Uwargida ta ce tunda muka yi aure ba ta taɓa ganin na kula da wani abu haka ba, kuma na gane inda maganar ta nufa. Ranar da na fito da shi da igiya a wuya, ƙananan magunan biyu suka haye rumfa, ɗaya ta yi kwana biyu ba ta ci ba, har na fara nadama. Gwaggo kuwa ko gezau. Ya matso yana kaɗa wutsiya, ta ɗauke shi da mari a hanci, ya yi ƙara ya koma bayan ƙafata. Gabana ya faɗi don farcen mage na iya tsiyaye idon kwikwiyo, amma Allah ya kiyaye. Tun ranar, in tana shan ruwa a bayanta yake tsayawa.

Wani abu da ban sani ba sai yanzu, kai ma ka riƙe tunda kuna da mage: maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin guba ne ga kyanwa, ko gogar jikin karen ta yi tana iya kamuwa. Saura kaɗan in saya a kasuwa. An ba shi maganin tsutsa, an fara masa allurar ciwon gudawar jinin nan mai kashe kwikwiyoyi, ta haukan kare kuma sai ya cika wata uku, daga nan duk shekara. Magunan ma za a yi musu, ashe su ma suna ɗauka.

Yara sun sa masa suna Ba-ruwanka, kuma sunan ya bi shi, don har yau bai yi wa kowa haushi ba sai buta. Jiya da asuba na leƙa zaure na tarar da Inna tsugune tana juye masa ɗumamen tuwo, tana ce masa ya yi sauri kafin Gwaggo ta gani. Na koma da baya a hankali, ban ce komai ba.

Ka gaida Amarya, ka ce mata man kaɗen yana nan sai an sami mai tahowa. In ka tashi zuwa ka sanar da ni, in ɗaure maka shi, kar a ce Bagobiri ya gudu.

Naka,
mai takalmi ƙafa ɗaya