Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni game da reshen mata baƙar fata

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A taron da aka yi kwanan baya kin miƙe a bainar jama'a kin tambaye ni: tunda ƙwaƙwalwar ɗan Adam iri ɗaya ce, don me mata baƙar fata masana halayyar ɗan Adam a Amurka suka ware nasu reshe a cikin APA, wato babbar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar, da kyaututtukansu, da tsarin jan hannun ƙanana? Wannan ba wata wariyar ba ce? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A'a, ba wariya ba ce. Bincike yana bin tambayar da mai binciken ya yi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dubi Mamie Phipps Clark. Tun tana digiri na biyu a Jami'ar Howard ta fara nazarin yadda yara baƙar fata suke kallon launin jikinsu. Daga nan ne ita da mijinta Kenneth suka shirya gwajin 'yar tsana: a ajiye wa yaro fara da mai duhun fata, a tambaye shi wacce ce mai kyau, da wacce yake son yin wasa. Mafi yawan yaran, su kansu baƙar fata, sai suka nuna farar. A 1954, da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, ta ambaci aikin nan. Amma matar da ta fara shi, duk da digirin digirgir da ta samu a Jami'ar Columbia a 1943, sai da ta sha wuya wajen neman aikin da ya dace da iliminta. A 1946 ta buɗe cibiyar Northside a unguwar Harlem ta birnin New York don kula da yara. Har yau mutane da yawa sunan mijin kaɗai suka sani, kuma abin yana yi mini ciwo.

Kafin ita akwai Inez Beverly Prosser, wadda ta kammala nata digirgir ɗin a Jami'ar Cincinnati a 1933, ta rasu a haɗarin mota shekara guda bayan haka. Daga digirin nata, sai da aka yi shekara 85 kafin baƙar mace ta shugabanci APA, wato Jessica Henderson Daniel a 2018, alhali an kafa ƙungiyar tun 1892. A 2021 ƙungiyar da kanta ta nemi afuwa kan rawar da ta taka wajen raya wariyar launin fata.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A 2010 wata mai bincike, Cheryl Woods-Giscombé, ta wallafa sakamakon zaman da ta yi da mata baƙar fata rukuni-rukuni. Sun faɗa mata cewa an raine su a kan dole mace ta nuna ƙarfi, ta haɗiye baƙin cikinta, kada ta nemi taimako, ta ɗauki nauyin kowa kafin nata. Wannan tarbiyya ta taimaka musu sun tsira, amma tana cin su ta ciki: rashin barci, damuwa, da ɗage zuwa asibiti. Irin wannan mace za ta shiga wajen likita tsaf da ita, tana murmushi, ta ce lafiya lau. Wanda bai san tarbiyyar ba zai sallame ta. A Amurka, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce mace baƙar fata ta fi farar mace haɗarin mutuwa sanadin juna biyu ko haihuwa da kusan ninki uku, wannan magana ce ta rai.

Ban ce baƙar mace kaɗai ce za ta iya wannan aiki ba. Arline Geronimus, wadda tun 1992 ta nuna yadda doguwar wahala da wariya ke tsufar da jikin waɗannan mata da wuri, farar fata ce. Ƙofa a buɗe take. Sai dai a 2015 kashi 4 cikin 100 kacal na masana halayyar ɗan Adam a Amurka ne baƙar fata, maza da mata. Sau da yawa baƙar mace ɗaya ce tak a sashenta a jami'a. Kowane kwamiti ita, kowace ɗaliba mai kuka ofishinta take nufa, kuma ranar ƙarin girma ba a lissafa wannan hidima, takardun da ta wallafa ake ƙirgawa.

Nan jagora take shigowa. Ita ce za ta karanta miki rubutu kafin ki tura wa mujalla, ta nuna miki yadda ake amsa masu gyara idan sun tsananta, ta koya miki neman tallafin bincike, ta ambaci sunanki a zaman da ba kya nan, ta kuma ce miki wancan kwamitin ki ba su haƙuri. Abokan aikinki da yawa sun samu wannan a kyauta daga manyan da suka yi kama da su, ba tare da an sa masa suna ba.

Kin ce kina shirin neman digiri na biyu. Ki turo mini daftarin binciken da kike son yi, in karanta, mu zauna a kansa.

Wassalam,
Yayarki a wannan fanni