Sukuru 47 Da Aka Manta A Wutsiyar Jirgi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili, domin mu da zarar ƙaramin jirgi ya faɗo sai mu ce direban ne ko guguwa, ba wanda ke tambaya wa ya taɓa jirgin a gareji daren jiya.

Ranar 11 ga Satumba 1991 wani ƙaramin jirgin Continental Express ƙirar Embraer ya taso daga Laredo zai je Houston a jihar Texas ta Amurka, ya tarwatse a sama, mutum 14 da ke ciki ba wanda ya tsira. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, da ta yi bincike ta gano sukuru 47 ne babu a ɓarin hagu na wutsiyar. Makanikan yamma suka kwance, har da mai duba aikin kansa ya sa hannu a kwancewar, sai lokacin tashi daga aiki ya yi ba a faɗa wa na dare ba, takardar miƙa aikin ma ba a cike ta yadda ya kamata ba, su kuma na daren suka gama ɓarin dama suka ce shi kenan.

Abin da ya fi ci min rai ke nan, wanda aka ajiye don ya kama kuskure shi ne ya zama makanike, to wa zai duba nasa? Wutsiyar kuma can sama take, matuƙi na zagaya jirgi a ƙasa ba zai hango ba.

Ina roƙon NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da malaman kwalejin jiragen sama ta Zariya su matsa wa ɗalibai kan rubuta miƙa aiki.

Wassalam,
mai karatu daga Zariya