Ɗakin Sista: in riƙe wasiyyarta ko in riƙe 'yan'uwana?

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki. Na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah ki sakaya sunana, domin 'yan gidanmu ma suna saurare.

Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta da rahama. Nas ce, kuma unguwarzoma. Mu Umma muke ce mata, amma duk unguwarmu a cikin birnin Kano Sista ake kiranta, har tsofaffin da suka girme ta. Ta kama aiki a 1975, ta ajiye a 2010 da ta cika shekara 35 tana aiki. Ki yi haƙuri in ɗan ba ki labarinta, in ba haka ba ba za ki gane abin da ya hana ni barci ba.

Babanmu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya a 1988, ina da shekara goma, autanmu yana goye. Mu biyar ya bari, maza biyu, mata uku. Zamanin SAP ne, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Dangin babanmu suka ce a rarraba mu, kowa ya ɗauki ɗaya. Umma ta ce 'ya'yanta ba kayan gado ba ne. Tana fita takaba, wata huɗu da kwana goma cif, ta goge farin kayanta ta koma bakin aiki. Manema sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba, ta sallame su. Tumunin da ta samu a gadon babanmu ta haɗa da kuɗin adashi ta sayi fili, ta riƙa gini ɗaki ɗaki, sai da garatutinta ya fito sannan aka yi wa gidan filasta.

Ba zan ɓoye miki ba, na taso ina jin haushin aikinta. Duk makon da take aikin dare ni ce uwar gidan. Ina 'yar shekara goma nake tuƙa tuwo, in goya auta, in sa sakata a ƙofa, in kwanta ina jin kukan karnuka. A 1996 da annobar sanƙarau ta ɓarke a Kano, ga ƙyanda ga amai da gudawa duk a shekara guda, aka tura ta Asibitin Zana. Sai mu kwana biyu ba mu sa ta a ido ba. In ta dawo ba mai taɓa ta sai ta yi wanka ta jiƙa kayanta a ruwan zafi. A shekarar ake maganar aurena, ina buƙatar uwa, ita kuma ta zauna kan tabarma sai barci. Wata rana na ce mata, “Umma, kin fi son marasa lafiya a kanmu.” Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa neman gafarar wannan kalma ita kaɗai ba. Ki riƙe wannan, zan dawo gare shi.

Mace ce mai taurin kai a kan abin da ta sani. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004 mutane suna ɗari-ɗari, ɗana ta ɗauko ta fito da shi ƙofar gida, ta ɗiga masa da hannunta a gaban 'yan majalisar unguwa. A watan Fabrairun 2013 da aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano, har kuka muka yi mata ta daina raka 'yan rigakafi gidajen maƙwabta. Ta yi mako biyu a gida don ta kwantar mana da hankali, daga nan ta yafa mayafinta.

Bayan ta yi ritaya sai ta share ɗakin da ke jikin soronmu, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Ta sa benci, da sikeli, da abin awon jini, da wani babban littafi. Ba ta yin allura a nan, ba ta sayar da magani, kuma ba ta karɓar haihuwa a gida ko za a yi mata kuka. Abin da take yi shi ne ta auna, ta duba katin awo, ta wanke ciwo, ta yi faɗa. In ta ga mai ciki ƙafa ta kumbura, jini ya hau, tana kukan ciwon kai, ba ta jiran a ce jijjiga ta zo. Adaidaita sahu take tarewa ta shiga da ita, mijin ya biyo baya da fushinsa. Ta yi shekaru tana rigima da tsofaffi a kan kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa, tana ce musu zuciyar mai jego ba tukunya ba ce. Wasu sun ji, wasu sun koma yi a ɓoye. Jikokinta goma sha ɗaya, babu wanda ba ta riƙe katin rigakafinsa a jakarta ba. Ranar jana'izarta matan da suka cika layinmu rabinsu ban san su ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Saura kwana biyu ta rasu, cikin dare, daga ni sai 'yata mai shekara 17, ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗakin soro kada a sayar, a bar wa matan unguwa.” Da hankalinta ta faɗa, har ta maimaita. Amma babu takarda. Matar da ta rubuta hawan jinin kowace tsohuwa a unguwa da kwanan wata, wannan ɗaya ce ba ta rubuta ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna maganar gado. Yayanmu yana da rumfa a Kantin Kwari, kasuwa ta juya masa baya, bashi ya yi masa katutu, kuma na san da gaske ne don na ga masu bin sa a ƙofar gidansa. An samu mai saye da zai rushe gidan ya yi shaguna. Sharaɗinsa a ba shi gaba ɗaya, domin ɗakin Sista shi ne fuskar titi, in aka cire shi kuɗin gidan ya faɗi. Malamin da muka tambaya ya ce wasiyya tana zartuwa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba, kuma ba magaji aka yi wa ba, ɗakin kuwa bai kai sulusi ba. Sai dai ana buƙatar shaidu, ko magada su amince. Shaiduna ni ce da yarinyar da na haifa.

Yaya bai ce ƙarya nake ba. Cewa ya yi, “Ɗaki ba nas ai ɗaki ne kawai. Umma ce asibitin, ba bango ba.” Ya ce a sayar, kowa ya cire wani abu daga kasonsa a haƙa mata rijiyar burtsatse, sadaka mai gudana. Abin da ya fi ci mini rai, Anti, shi ne maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Wata uku ɗakin yana rufe. Babu nas a cikinmu. 'Yata tana son shiga makarantar koyon aikin jinya, amma ko ta samu gurbi bana, akwai shekaru a gabanta, kuma ba ni da ikon ɗaure rayuwarta a jikin benci don ina kewar uwata.

Ƙanwata ɗaya tana bayan Yaya. Ɗayar ta ce mu tafi kotun shari'a, in alƙali ya ce in rantse in rantse. Autanmu yana Abuja, duk wanda ya kira shi sai ya ce abin da manya suka yanke. Maigidana ya ce in sa wa zuciyata ruwan sanyi, na isar da saƙo, sauran yana wuyan waɗanda suka ƙi. Kashi bakwai za a raba, ɗaya ne nawa. Na yi tunanin in ce a ba ni ɗakin a matsayin kasona in bar shi wakafi, amma hakan ma zai kori mai sayen, Yaya ya ci gaba da ɓuya daga masu bashi.

Ni kuwa ina tuhumar kaina. Wani lokaci in ce amanar Umma nake karewa. Wani lokaci, musamman cikin dare, sai in ga kamar maganar 1996 nake son biya, ina so in nuna mata na daina kishi da marasa lafiyarta, alhali lokaci ya ƙure. Matar da ta ƙi a raba mu muna ƙanana, yanzu da sunanta zan tsayar da yayana gaban alƙali? In kuma na yi shiru aka sa katafila, me zan ce mata ranar da muka haɗu?

Makon jiya wata tsohuwa ta zo da katinta a ƙulle a leda, ta zauna a dakalin ƙofar ɗakin. Ta san Sista ta rasu, har gaisuwa ta zo. Ta ce ita dai ƙafarta ce ta saba. 'Yata ta ɗauko abin awon ta auna ta, ta rubuta a littafin a ƙarƙashin rubutun kakarta na ƙarshe, ta ce mata gobe da sassafe ta je asibiti.

Anti, ki taimake ni da shawara, in da hali ki tambayar mini malaman da kike gayyata. Shin burtsatsen yana iya tsayawa a madadin abin da ta faɗa da bakinta, ko canza wasiyya ne? In na haƙura don zumunci, akwai alhaki a kaina? Kuma ta yaya zan yi wa Yaya magana ba tare da ya ji kamar ina fifita ɗaki a kan mutuncinsa ba? Mai sayen ya ba mu zuwa ƙarshen wata, makullin ɗakin kuma yana hannuna.

Taki,
'Yar Sista, daga Kano