Ni na shirya tafiyar Zanzibar, yanzu an ce sai an yi ƙuri'a

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɓoye sunana saboda ƴan gidanmu kaf suna sauraron shirin nan.

Ni matar aure ce a Kano, yarana uku, ina sana'ar atamfa da leshi a cikin gida. Tun muna amarci nake ce ma Abban yara ni burina in ga teku da idona, yana ta min dariya wai in je dam ɗin Tiga in kalli ruwa ya isheni. Toh bara da kasuwa ta ɗan yi kyau ya ce in nemo mana inda za mu je mu huta mu biyu, yara a kai su gidan Hajiya. Na duba Maldives na ga kuɗin ba na irinmu bane, sai na tsaya kan Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, tunda yawancin mutanen can musulmi ne, ba wahalar masallaci ba fargabar abinci.

Anti wallahi ba ƙaramin aiki na yi ba. Tsohon littafin lissafin ɗana na ɗauka na cika shi da rubutu. Jirgin Ethiopian daga nan Kano, a sauka Addis Ababa a canza zuwa Zanzibar ɗin kai tsaye, ba sai mun bi ta Darussalam mun hau jirgin ruwa na wajen awa biyu ba, don shi Abban yara ko kwalekwale baya iya shiga. Na gano akwai inshorar dole da suka sa ma baƙi tun watan Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, ga katin allurar shawara da za a tambaya. Har wajen kwana na tsaya na tantance, don bakin tekun gabas irin su Paje ruwan janyewa yake can nesa a wasu awanni sai dai ka ga mata suna tsintar ciyawar teku, shi yasa na zaɓi arewa wajen Nungwi ko Kendwa inda ruwan baya gudu sosai. Na sa mana kwana a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, mu ga ƙofofin katakon nan masu sassaƙa na zamanin sarakunan Oman, da dare mu ci gasasshen kifi a kasuwar dare ta Forodhani, mu je gonar kanumfari da kirfa, da tsibirin da manyan kunkuru suke. Har doguwar riga da wando na shiga ruwa na bayar an ɗinka min, ruwan toka, suna nan a leda a ƙasan akwati. Kuma adashina guda na kwasa na zuba a kuɗin tafiyar, kusan rabi nawa ne.

Ana cikin haka ya ƙara aure. Ban tada hankali ba, ni na haɗa ma amarya kayanta, kayan faɗar kishiya ma ban tsaya jira ba, muna zaune lafiya, yarinya ce mai kunya tana ce min Yaya. Sai ranar nan bayan isha'i ya zauna yana sosa ƙeya wai abokinsa ya ce masa mai mata biyu in zai yi tafiya ƙuri'a ake yi, haka Manzon Allah (SAW) yake yi tsakanin matansa. Ni ban musa hadisi ba Anti, na san shi tun a islamiyya. Amma tafiyar da aka yi min alkawarinta tun kafin a san da zancen auren, da kuɗina a ciki, ita ma ta shiga ƙuri'a? In ta faɗa kan amarya kenan kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Ita baiwar Allah ko sunan wajen bata iya faɗa daidai ba, amma ƴan uwanta sun fara zuga ta wai ai amarya ake fita da ita.

Na ce toh mu tafi mu uku, ya ce ɗaki biyu da tikiti uku kuɗin bazai kai ba. Hajiyarsa kuma da ta ji cewa ta yi duk shirme ne, a tara kuɗin a je Umara. Ga lokaci yana tafiya, don mu masu fasfon Najeriya bizar Tanzaniya sai an tura an tantance, ana so a nema kamar wata biyu kafin tafiya kuma kar a yanki tikiti sai ta fito, sannan daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya a can, ba amfanin zuwa.

Anti me ya kamata in yi? In tsaya kan alkawarina, ko in yarda da ƙuri'ar amma ya fara maido min da kuɗin adashina? Ƙanina ya ce in Abban yara ya amince shi zai raka ni a matsayin muharrami, sai dai ni ba da ƙanina na yi mafarkin zama bakin teku ba. In da hali dan Allah ki tambayar min malamin da kuke gayyatowa ranar Juma'a hukuncin alkawarin da ya riga aure na biyu, don Abban yara yana jin maganarsa.

Nagode, taku a kullum,
Maman yara, daga Kano.