Wasiƙa daga Jos: Kan Maganar Ciwon Kan Auwalu

Assalamu alaikum, aminina Malam Bala.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Jos hunturu ya kankama, sai an ɗumama ruwan alwalar asuba.

Saƙonka ya iso. Ka ce wata biyu ke nan da Auwalu ya yi karon kai a filin ƙwallo, har yau yana fama da ciwon kai da jiri, wasu kuma na cewa ragwanci ne. Wallahi raina ya sosu, domin ni ma an faɗa mini haka.

Ka tuna bara da Keken da na hau ya kife a Farin Gada. Ban suma ba, ko jini bai fita ba, hoton ƙwaƙwalwa ya fito fes. Amma da na koma shago, zura zare a allura ya gagare ni. Ƙarar keken ɗinki kamar ana buga mini guduma. In na ɗago daga sujada sai masallaci ya yi ta juyawa da ni. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa.

Likita ce ta fahimtar da ni cewa jijjigar ƙwaƙwalwa ba ta cika fitowa a hoto ba, don aikinta ne ya hargitse, ba fashewa ta yi ba. Yawancin mutane kan warware cikin mako huɗu. In ya wuce haka, sai a bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Nawa jirin daga can cikin kunne yake, wasu ƴan ƙananan duwatsu ne suka goce daga mazauninsu. A sashen fisiyo, wato na masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, aka kwantar da ni, aka jujjuya mini kai a tsanake, zama biyu sai ga shi ina sujada lafiya. Ciwon kan kuwa har da wuya a ciki, da kuma Panadol ɗin da nake sha kullum. Ashe shan sa kwana 15 ko fiye a wata kan jawo wani ciwon kan na daban.

Babban kuskurena shi ne mako uku da na yi kulle a ɗaki mai duhu. Masana jijjigar ƙwaƙwalwa da suka taru a birnin Amstadam na ƙasar Holan a 2022 sun ce hutun farko kwana ɗaya zuwa biyu ne, daga nan a soma motsa jiki sannu a hankali. Na fara da tafiyar minti 10 a layinmu. In kan ya ɗan motsa kaɗan kuma ya lafa cikin awa guda, ba laifi. In ya tsananta, washegari in rage.

Don Allah ka kai Auwalu a duba wuyansa, idanunsa da kunnensa. Ka roƙi malamansa su sassauta masa karatu, kuma kada ya koma ƙwallo sai likita ya yarda. In ka ga amai a kai a kai, farfaɗiya, ko wani ɓarin jikinsa ya saki, asibiti nan take. Ka riƙa tambayarsa barcinsa da damuwarsa, don ni ƙuncin zuciya ya fi ciwon kan wahalar da ni.

Ka ba shi waya ranar Juma'a bayan la'asar, ina so in ji muryarsa. A gaida Maman Auwalu. Allah Ya ba shi lafiya.

Naka har kullum,
Sabi'u tela