Wasiƙa Daga Houston: Dalilin Da Kuɗin Watan Jiya Bai Cika Ba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ji saƙonka kan kuɗin da ya zo da giɓi, kuma na san ba za ka tambaye ni dalili kai tsaye ba, shi ya sa na ce bari in rubuto in warware maka zare da abawa.

Janwe ne ya ɗauke min mota. Na je siyan nama wurin wani mahauci mai yanka halal, gaban shagonsa ya cika, sai na faka a filin da ke manne da shi, wanda ashe na wasu shaguna ne daban. Ko tsayawa hira ban yi ba, aka auna min na fito riƙe da leda, na tarar da wurin wayam. Wallahi Yaya gwiwata ta yi sanyi, na ɗauka sacewa aka yi. Mahaucin ne ya leƙo ya ce in kwantar da hankalina, masu janwe ne, suna laɓewa a bayan gini suna jiran wanda zai faka ya tsallaka wani shagon.

A nan Amurka mai fili kan yi yarjejeniya da kamfanin janwe, su kuma kuɗinsu na kan kowace motar da suka ja. Ka ga kuwa dole su zama masu ido. Garin nan kuma in ba ka da mota, aikinka ya tsaya, don tsakanin gida da wurin aiki tafiya ce mai nisa.

Wurin da suka kai ta yana can gefen gari, an zagaye shi da waya, sai wata 'yar taga mai gilashi da ake magana ta cikinta. Na yi bayani, na yi magiya irin tamu, matar da ke ciki ko ɗago kai ba ta yi ba, ta turo min takarda kawai. Kusan dala 300. Kuma kowace rana motar ta ƙara a hannunsu, kuɗin ajiya na hawa. Na biya ina jin zafin abin, na karɓi rasit. Kuɗin maganin Inna ne da na makarantar yara na taɓa.

A bayan rasit ɗin nan ne na ga an rubuta cewa ina da haƙƙin kai ƙara. Dokar jihar Texas ta ba mai mota kwana 14, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ya nemi ƙaramar kotun yanki ta saurare shi, ita kuma kotun ta zauna cikin kwana 21 da karɓar takardar. Wani ɗan uwa ɗan Nijar da muke sallah tare, tsohon direban tasi, shi ya ce min kada in ɓata baki kan rashin tausayi, alƙali ba wannan zai duba ba. Allon gargaɗi zai duba. Doka ta ce dole a kafa allo a kowace mashiga, yana fuskantar mai shigowa, faɗinsa aƙalla inci 18, tsawonsa inci 24, da hoton motar janwe da lambar wayar da za a kira dare da rana.

Muka koma wurin tare. Filin mashiga biyu gare shi. Ta bakin babban titi akwai allo ja da fari, sabo fil. Ta gefen mahauci, inda na shiga, sai sandar ƙarfe tsirara da ramukan ƙusa, allon ya daɗe da faɗuwa, har tsatsa ta ci wurin. Na ɗauki hotuna daga cikin mota, daidai yadda direba zai gani, na haɗa da rasit na kai kotu.

Ranar zama na sa kaftanina mai kyau, cikina na ɗurar ruwa, ka san mu da kotu. Ashe ɗaki ne madaidaici, ba lauya ba komai. Wakilin kamfanin ya miƙa hoton allon babban titi. Alƙaliyar ta jera shi da nawa, ta tambaye shi ko yana da hoton ɗaya mashigar na ranar da aka ja motar. Ya juya takardunsa, ya ce babu. Ta yanke cewa a mayar min da kuɗin janwe da na ajiya. Turancina ma bai yi wani aiki ba, hotunan suka yi magana.

Har yanzu dai cakin bai iso ba, kuma ba zan ce muku ga ranar ba. Da zarar ya shigo zan cika abin da ya rage. Kafin nan, a fara da maganin Inna, na makaranta ka roƙi shugaban ya ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen wata. Don Allah kada a faɗa wa Inna maganar kotu, da ta ji za ta ɗauka kama ni aka yi ta hana kanta barci.

Ka gaida Baba Ƙarami da su Gwaggo, da matarka da yara duka. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka