Kafin Jackie Robinson akwai Walker

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na wasanni na ranar Asabar, kuma har yau raina a ɓace yake. Mai gabatarwa ya faɗa, ya kuma nanata, wai Jackie Robinson ne baƙar fata na farko da ya buga besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, a babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Ba haka ba ne. Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947, kuma babu mai raina wuyar da ya sha. Amma shekara 63 kafin nan, ranar 1 ga Mayu 1884, Moses Fleetwood Walker, shi ma baƙar fata, ya shiga fili da rigar ƙungiyar Toledo Blue Stockings a gasar American Association, wadda ita ma babbar gasa ce a lokacin. Har ƙanensa Weldy ya buga musu wasu wasanni a shekarar.

A Toledo ɗin nake zaune da iyalina. Kowace Asabar nakan kunna shirinku a mota don yarona ya ji Hausa mai kyau, kada harshen ya kuɓuce masa. Yaron nan besbol yake bugawa a makarantarsu, kuma gurbinsa shi ne na Walker, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallon da aka jefo. Da ya ji maganar sai ya waiwayo ya ce, "Baba, sun yi kuskure." Ni da kullum nake ce masa abin da ya ji a tasharku ya riƙe shi hannu biyu, sai na rasa ta cewa.

Ku san irin aikin nan. Yarona yana sa ƙatuwar safar hannu ta fata, da ragar ƙarfe a fuska, da sulken ƙirji, amma sau nawa ya dawo gida babban yatsansa a kumbure, uwarsa tana ɗora masa ƙanƙara yana cije leɓe. A zamanin Walker babu irin wannan safar mai kauri, kusan da tafin hannu ake tare ƙwallo. Ga shi kuma mai cafewa ne ke yi wa mai jifa alama da yatsu kan irin jifan da zai yi, don ya san inda ƙwallo za ta faɗo. Abokin wasan Walker, mai jifa Tony Mullane, ya amsa da bakinsa daga baya cewa ba ya duba alamar Walker saboda baƙi ne, abin da ya ga dama yake jefa masa, alhali shi ɗin ne ya ce bai taɓa aiki da mai cafewa kamarsa ba. A haka Walker ya buga wasa 42, har haƙarƙarinsa ya karye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganarku ta sa mai sauraro zai ɗauka dama can baƙaƙe ba su cikin wasan. Suna ciki, korarsu aka yi. Cap Anson na Chicago, babban tauraron zamanin, ya sha cewa ba zai shiga fili da baƙar fata ba, kuma a watan Yulin 1887 gasar International League ta yanke shawarar daina amincewa da sabuwar kwantiragi ga baƙaƙe. Sannu a hankali ƙofa ta rufe, shi ya sa Rube Foster, wani baƙar fata mai ƙungiyar besbol, ya kafa musu tasu gasar a Kansas City a 1920. Ko sunan Walker ba ku ambata ba. Jihar Ohio ta ware 7 ga Oktoba, ranar haihuwar Walker, don tunawa da shi, amma ku kun shafe shi da jimla ɗaya.

Ina roƙon ku gyara a cikin shirin kansa, da muryar wanda ya faɗa, don zan zaunar da yaron nan ya ji.

Sannan don Allah ku duba yawan tallan da kuke cusawa. Sau uku aka katse hira ana tsakiyar magana ranar Asabar, ƙarar tallan kuma ta ninka ta shirin, sai mutum yana tuƙi ya kai hannu ya rage.

Naku,
Mai sauraro daga Toledo, jihar Ohio